Buhu Huɗun da Ba a Rubuta Ba

Ku da kuka cika min waya da "Fa'iza, yaushe za mu ci shinkafar biki?", ku gyara zama. Abin da ya same ni ranar Alhamis ɗin nan ko wadda ba ta ƙaunata ba na yi mata fatansa. Wanda yau ya fara karanta ni kuma, sannu da zuwa. Sunana Fa'iza Hambali, 'yar Kura, shekarata ashirin da shida, kuma shekara biyu ke nan ina ɗaure a jikin waya kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Baba, wato Alhaji Hambali, shekara talatin yana tara albasar manoman yankinmu yana loda ta a mota zuwa Kumasi. Da can takarda ce. Direba ya cusa ta a aljihun gaba, gumi ya jiƙa ta, in an yi kuskure a ja layi da biro a rubuta wani abu a sama, shi ke nan. Sai aka wayi gari aka ce zamanin takarda ya wuce. Duk motar da za ta tsallaka iyaka sai an shigar da bayaninta a manhaja: buhu nawa, nauyi nawa, na wane ne, ina za shi. Manhajar ta fitar da wani tambari baƙi da fari mai kama da saƙar tabarma, shi direba yake nunawa a kowace iyaka. Direbobinmu ba su wahalar da bakinsu ba, duk abin suka raɗa masa suna "tabarma".

Ni ce na yi difloma a kwamfuta, don haka ni aka tura Kano. Aka ɗauki hoton fuskata, aka ɗauki zanen babban yatsana, aka ɗaura rajistar gidanmu a kan layin wayata. Ranar har daɗi na ji, wai ni ga 'yar boko. Ban san igiya na zura wa wuyana da hannuna ba.

Duk iyakar da mota ta isa, sai wayata ta yi ƙara, sai na tabbatar da fuskata. Ta ce kifta ido, in kifta. Ta ce juya kai, in juya. Ta ce yi murmushi, in yi. In na yi jinkirin awa ɗaya, an mayar da motar ƙarshen layi. Na yi murmushi ina cikin zazzaɓi. Na yi murmushi a bayan ɗaki a gidan makokin kakata, ina ɓoyewa kada a ce na haukace. Wayar tana cikin 'yar jaka a wuyana kullum, ko wanka zan shiga sai na ɗora ta a kan katanga. A gidanmu kuwa wuri ɗaya ne sabis yake zama, gindin zogalen Inna, don haka can ne ofishina, a kan wata kujera 'yar tsugune da ta san ni na san ta.

Amma kada in yi butulci, ta wannan tabarmar na samu Lukmanu.

Shi ne yake can ɗaya bakin, a Kumasi. In kaya sun isa, shi yake shigar da cewa an karɓa. Duk abin da na rubuta a nan yana gani a can, duk abin da ya rubuta ina gani. Wata shida muna "an tura", "an karɓa", ko gaisuwa babu. Sai wata rana ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Mai rubuta takardun nan ba ta taɓa yin kuskure ba. Ko aljana ce?" Na ce masa aljanu ba sa zama a gindin zogale suna jiran sabis. Daga nan aka fara. Mahaifinsa ɗan Bunkure ne, fataucin albasa ya kai shi can har Allah ya karɓi ransa. Lukmanu shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifiyarsa, Hajiya Nana Aisha, da yake kira Mma, wadda ƙafa ta fara gagara. Ya zo Kura sau biyu, dogo, mai sanyin magana, da Hausarsa ta Zangon Kumasi da take sa Mudassiru ƙanena ya riƙa toshe baki. Kawunsa Sada na Bunkure ya kawo goro, Baba ya karɓa.

To ina matsalar? Matsalar ita ce rajistar ba ta tsallaka iyaka. In na tare a Kumasi, motocin Baba sun tsaya. Sai an mayar da ita kan sunan wani, an kuma ce Mudassiru. Karo na farko aka ɗage sa rana, wai a bari kakar albasa ta wuce. Karo na biyu, sunan Mudassiru a katinsa na ɗan ƙasa bai yi daidai da na layinsa ba, aka yi wata biyar ana gyara. Karo na uku Baba ya ce gabansa yana faɗuwa, Mudassiru hannunsa rawa yake, a ƙara koya masa. Sau uku Kawu Sada yana saka babbar riga ya hau babur ya zo, sau uku yana komawa da "sai an ɗan ƙara haƙuri".

Bayan na ukun Lukmanu ya turo min saƙo, har yanzu ban goge ba: "Mma ta ce ba ta yi fushi ba, amma ta gaji. Ta ce in aka sake ɗagawa, ta fahimci amsar. Fa'iza, ba ni da bakin da zan ƙara ba ta haƙuri."

Sai ga shi komai ya daidaita. Ofishin rajista ya ba mu ranar Litinin, in je da Mudassiru in dangwala yatsa in sauke kayan nan daga kaina. Asabar kuma Kawu Sada zai zo a sa rana. Ranar Laraba na kira mai lalle ta zana min har gwiwar hannu, yatsu tara ta yi wa ja, ta bar babban yatsan dama fari fat, don na'urar ofis ba ta karanta yatsa mai lalle. Na ce mata ranar Litinin da yamma ta dawo ta cike min shi. Shekara biyu rabon yatsan nan da lalle, ku 'yan mata kun san abin da nake nufi.

Alhamis da hantsi ina ɗaki ina gwada ɗinkin da zan saka ranar Asabar. Leshi ne ruwan zuma, riga da siket, tela ya matse min hannu kaɗan, ina juyi gaban madubi ina tunanin ko in mayar masa. Zafin bazara ya fara tun da wuri, injin casar shinkafa na bayan layinmu yana ta gurnani. Wayar ta yi ƙara. Ba irin ƙarar da na saba ba. Na duba, tabarmar motar Malam Tambaya ta koma ja.

Ban gama karantawa ba kiransa ya shigo. Malam Tambaya tsohon direban Baba ne, tun ina goye yake mana tuƙi.

"Hajiya ƙarama, an tsare mu."

"Subhanallahi. A ina?"

"Iyakar farko. Ko ƙasar Benin ba mu taka ba."

Na fito da gudu zuwa gindin zogale, siket yana harɗe ni. "Malam, ai komai daidai na shigar. Buhu ɗari uku, ni na tsaya aka loda."

"E to. Sikeli ne ya ce mun ɗara nauyi. Suka sa aka sauke rabin kaya."

"Sai me?"

Ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Sai suka ga ɗari uku da huɗu."

"Huɗun daga ina?"

"Ai saƙo ne, Hajiya."

"Wane irin saƙo?"

"Albasa uku, shinkafa ɗaya. A tsakiya na saka su don kada rana ta taɓa."

Wallahi sai da na dafa zogalen. Shinkafa! A motar da na rantse da fuskata cewa albasa ce zalla.

"Malam Tambaya, sau nawa na ce ko allura aka ƙara a gaya min?"

"Kaya kika ce, Hajiya ƙarama. Saƙo ai ba kaya ba ne. Shekara ashirin da bakwai ina bin hanyar nan, ina kai wa mutane yaji da kuka da daddawa wurin 'yan uwansu, ban taɓa rubutawa ba. Wa yake rubuta alheri a takarda?"

"Wa ya ba ka?"

"Amana aka ba ni."

"Malam, sunana ne a kan motar nan!"

"Na sani, 'yata. Amma amana aka ba ni."

Na kashe wayar don kada in faɗa wa sa'an ubana maganar da zan yi nadama. Na buɗe sanarwar na karanta a hankali, sau biyu. Zaɓi biyu suka ba ni, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma.

Na farko, in amsa cewa kuskurena ne, in gyara takarda. Za a saki mota yau. Amma rajistar za ta shiga sa ido na wata goma sha biyu: ba a canja suna, ba a canja layi, kuma duk wata sai mai rajista ta je Kano da ƙafarta ta dangwala yatsa.

Na biyu, in ce ban san da kayan ba. Rajista ta fita fes, ranar Litinin in miƙa wa Mudassiru. Amma mota da direba za su zauna a can har a gama bincike a gano mai kayan. Bincike kuwa sati uku ne, in an yi sauri.

Ku da ba ku san albasa ba, albasa a ƙarƙashin tamfol cikin zafin bazara kwana huɗu take yi ta fara ruwa. A sati ɗaya ko kyauta ba mai karɓa.

Mudassiru na fara tarewa. Ya shigo da babur ke nan daga gona, ƙafarsa duk taɓon fadama.

"Kai ne ko? Abokanka suka ba ka saƙo ka cusa?"

"Wane saƙo? Yaya Fa'iza, wallahi tallahi ban san zancen ba."

"Kwana huɗu ya rage, Mudassiru. Kwana huɗu!"

"Na rantse miki da Allah. Ni da nake so ki tafi in huta da faɗanki?"

Ya kira Baba, Baba ya baro kasuwar Kwanar Gafan ko hularsa bai daidaita ba. Muka tsaya cirko-cirko a tsakar gida. Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwon rana, ta ba mu baya, kamar ba ta ji.

Bari in gaya muku wani abu game da Inna, don ku gane abin da ya biyo baya. Ni 'yar fari ce. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa furta sunana ba. "Ke" ce, ko "waccan". In magana ta yi tsawo, sai ta juya wurin Mudassiru ina tsaye a gabanta ta ce, "Ka ce wa yayarka abincinta yana hucewa." Zancen aurena kuwa, ko da wasa ba ta taɓa saka baki a gabana ba. Da aka ɗage sau uku, ban ga ko girarta ta motsa ba. Na sha kwanciya ina cewa a raina, matar nan ko ta damu? Kunya ce, na sani, haka aka yi mata ita ma. Amma sanin bai hana abin ci min rai ba.

Wayata ta yi ƙara. Malam Tambaya ne ya turo hoton buhunan, jami'ai sun jere su gefe a kan siminti. Na buɗe hoton da yatsu biyu. Bakin kowane buhu an ɗinke shi da jan zare, ɗinki ƙanana a jere, an ƙulle ƙarshen sau biyu.

'Yan dako da farar igiya suke ɗinki, manya-manya, cikin sauri. Mutum ɗaya na sani a duniya mai wannan ɗinkin. Shi ne a bakin matashin kaina, shi ne a jakar makarantar allona tun ina 'yar shekara biyar. Shinkafar kuma na gane buhunta. Ta 'yar gonar Inna ce ta bakin kanal ɗin ban-ruwa, mai ƙamshin nan da take ɓoyewa a ƙarƙashin gado, wadda ko da salla sai ta auna take ba mu.

Na ɗago. Muciyar ta tsaya a cikin tukunya.

Baba ya karɓi wayar ya duba, ya dubi bayan Inna. "Binta?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Mudassiru."

"Na'am, Inna."

"Ka ce mata ni ce."

Ta ci gaba, har yanzu ba ta juyo ba.

"Ka ce mata sau uku muna mayar da mutane da goronsu a ciki. Uwar yaron nan mace ce kamata, na san abin da take ji. Ni ba ni da ƙafar zuwa Kumasi, ba ni da bakin ba da haƙuri. Na ce bari abin da na noma da hannuna ya je ya gaishe ta kafin Asabar." Ta gyara icen murhu. "Ka ce mata ban san ana rubutawa ba. Da na sani ma, ta yaya zan dube ta in ce rubuta, ga abin da zan aika wa surukarki?"

Jama'a, na shirya faɗa. Na tara maganganu tun daga gindin zogale, na wasa su. Duk suka zube. Shekara biyu ina zaton matar nan ba ta ga halin da nake ciki ba, ashe tana can tana zaɓar albasa ɗaya-ɗaya, tana ɗinke buhu a ɓoye. Kuma abin da ta yi don ta kwance ni, shi ne ya ƙara ɗaure ni. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, sai na fashe da kuka a cikin leshina ruwan zuma.

Ƙarfe ɗaya da rabi Lukmanu ya kira. Ba sai na yi masa bayani ba, jan da na gani shi ma ya gani a can, har da zaɓin biyu.

"Fa'iza, kin san da kayan?"

"Ban sani ba."

"To ki faɗi gaskiya. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Gaskiya kawai."

"Albasar mutum talatin da ɗaya ce, Lukmanu. Wasu ita ce noman shekararsu gaba ɗaya."

"Na sani. Ni zan karɓe ta ai, na san sunan kowa."

"Malam Tambaya ya haura sittin. Sati uku a ƙarƙashin mota?"

"Wanda ya saka kayan shi ya jawo, ba ke ba. Wane ne ma?"

Na dubi Inna. Ta sauke tukunya, tana kwashe tuwon da na san ba mai ci.

"Ba zan iya faɗa ba."

Ya ja numfashi. "Kullum akwai dalili, Fa'iza. Kuma kullum dalilin mai kyau ne, shi ya sa ban taɓa iya yin fushi ba. Amma Mma da sanda take zuwa banɗaki yanzu. Jiya ta sa aka fito da akwatunan lefe tana shanya turamen, wai kada su yi warin ajiya. Me zan ce mata? Shekara guda?"

"Ka ba ni lokaci in yi tunani."

"Lokacin ai ba a hannuna yake ba. Ƙarfe huɗu suka ce."

Baba yana zaune a kan turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai daka min tsawa ba, da ma ya yi, da na samu abin jingina. A hankali ya ce, "Uwata, ba zan tilasta miki ba. Amma in aka yi bincike, sunan mahaifiyarki za a kira a iyaka. Shekara ɗaya kuma kamar gobe ce."

Na sunkuyar da kai. "Baba, bara ma haka ka ce."

Ya juya hular a hannunsa, ya sake juyawa.

Mudassiru ya matso ya rage murya. "Yaya, in kin ce ba ki sani ba, wallahi ba wanda zai ga laifinki. Ni zan tsaya." Na dube shi. Yaron kirki ne, amma shi ma ya san ba shi da abin tsayawa da shi. Manoman nan a ƙofar gidanmu za su taru, kuma rabinsu da su muke haɗa sahu a masallaci da gidan suna.

Na yi sallar azahar, ban san me na karanta ba. Na koma gindin zogale na zauna. Ƙarfe biyu. Biyu da rabi. Malam Tambaya ya turo saƙon murya, wai kada in damu da shi, ya samu inuwa, sai dai a ce wa Alhaji kayan da aka sauke suna cikin rana. Ko a nan bai ambaci sunan Inna ba. Na buɗe hotunan ɗakin da Lukmanu ya yi wa fenti, shuɗi mai haske, don na taɓa ce masa ina son shuɗi. Na rufe. Na sake buɗewa.

Kada ku zaci ni waliyyiya ce. Sau biyu ina kai yatsa kan "ban sani ba". Gaskiya ce fa! Wa zai kama ni da laifin faɗar gaskiya? Na ce a raina, ni ma mutum ce, ni ma ina da rai, shekara nawa zan yi ina yi wa waya murmushi? Sai in hango Inna tsaye gaban jami'ai da mayafinta, ana tambayarta sunanta da na wadda ta aika wa, ana rubutawa. Matar da kunya ta hana ta kiran sunan 'yarta.

Ƙarfe uku da minti arba'in na danna gyara.

Manhajar ta buɗe min gurabe. Kaya: albasa buhu uku, shinkafa buhu ɗaya. Mai aikawa: na rubuta sunan Inna. Mai karɓa: Nana Aisha, Kumasi. Dalili: sayarwa ko kyauta? Na zaɓi kyauta. Abin da Inna ta ɓoye a tsakiyar mota, ga shi na shimfiɗa shi a fili, ƙasa huɗu za su karanta. Sai dogon gargaɗin wata goma sha biyu ya fito, da ɗan akwatin "na amince". Na amince.

Kifta ido. Na kifta. Juya kai. Na juya. Yi murmushi.

Ta ce fuska ba ta yi daidai ba, a sake. Idona ya kumbura, kwalli ya zubo har kumatu. Na sake, ta sake ƙi. Saura dama ɗaya, saura minti tara. Sai na ji an miƙo min wani abu ta gefen kafaɗa. Tsumma ne mai ɗumi, an jiƙa shi da ruwa. Ban juya ba, na san hannun. Na goge fuskata sosai, na ɗaga wayar, na buɗe haƙora kamar ranar da aka ba ni difloma.

Tabarmar ta koma kore.

Baba ya ce alhamdulillahi a hankali, ya saka hularsa, ya fita bai dube ni ba. Na san kunyata yake ji, kuma ban taimake shi ba. Na zauna ina kallon babban yatsana fari a cikin tara jajaye. Haka zai zauna har baɗi war haka.

Minti biyu ba a yi ba saƙon Lukmanu ya shigo. Ba sai na gaya masa ba, manhajar ta riga ni.

"Na gani."

Na jira. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Na rubuta "ka yi haƙuri", na goge. Haƙurin nawa ne kuma? Na rubuta "ka karanta sunan mai aikawa", shi ma na goge. Aka kira la'asar, na yi. Na cire leshin na ninke shi na saka can ƙasan akwati, na ɗaura tsohon zanena na atamfa. Mudassiru ya tambaya ko ya je Bunkure ya ce wa Kawu Sada kada ya wahalar da kansa ranar Asabar. Na ce ya bari tukuna, ban san dalili ba.

Wajen ƙarfe biyar da rabi, rana ta yi sanyi, Inna tana tankaɗe a bakin rumfa, wayar ta yi ƙara a wuyana. Lambarsa ce. Na tashi na tafi gindin zogale, na share murya.

"Lukmanu, ka saurare ni..."

"Ba Lukmanu ba ne." Muryar tsohuwa ce, mai kauri, ba gaggawa a cikinta. "Uwarsa ce."

Na durƙusa a wurin kamar tana ganina. "Ina wuni, Mma."

"Lafiya. Ya karanta min takardar, tun daga sama har ƙasa, har da wata goma sha biyun. Na sa ya maimaita." Ta yi tari. "Ba da ke zan yi magana ba, yarinya. Ba ni mai shinkafar."

Na juya. Inna ta daina tankaɗe, ta ji komai, don wayata ba ta da sirri. Ban san ko godiya za a yi mata ba, ko kuwa za a ce ta aiko a kwashe goro. Fuskarta ba ta nuna min komai ba. Ta miƙe, ta karkaɗe garin hannunta a zane, ta gyara ɗankwali kamar mai shiga gaban baƙi. Ta tako har gindin zogalen, ta miƙo hannu. Na cire jakar daga wuyana na ba ta. Ta riƙe wayar da hannu biyu, don ba ta taɓa riƙe ta ba.

Sai ta dube ni, cikin ido, ta ce, "Fa'iza, ba mu wuri."

Shekara ashirin da shida ina jiran in ji yadda sunana zai fito daga bakin nan. Na tashi, na wuce zaure na zauna a kan wani buhun albasa da ya rage. Na kai hannu wuyana, ba komai a wurin. Daga cikin gida ina jiyo muryar Inna ƙasa-ƙasa tana cewa, "Salamu alaikum, Hajiya. Ni ce uwar yarinyar."